Fim Ɗin da Ya Fi Tara Kuɗi ko Wanda Ya Fi Tara Jama'a: Wanne Za a Haska wa Dangi a Istiraha?

Iyalai da yawa daga cikinmu a nan Jidda sun koma kama istiraha, wato gidan hutu na haya, idan hutun Sallah ya zo. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi, 'yan Makka su biyo jirgin Haramain ko su cika mota su taho, a wuni a kwana. Da an yi Isha'i an ci abin da za a ci, sai wani yaro ya fito da majigi ya haska bango, daga nan gardama ta tashi a kan abin da za a kalla. Kusan kullum hanyar raba ta ɗaya ce: wani ya zaro waya ya tambayi intanet fim ɗin da ya fi kowanne a tarihi, ta ce Avatar, a kunna. Kafin a kai rabi Hajiya Babba ta fara gyangyaɗi, kawunnai sun sulale waje wajen shayi.

Jeri biyu ne ke yawo, mutane kuma na ɗaukarsu abu guda. Na farko kuɗi yake ƙirgawa. A can Avatar na 2009 ne a sama da kusan dala biliyan 2.9, Avengers: Endgame na 2019 na biye da shi da kusan biliyan 2.8. Na biyun kawuna yake ƙirgawa, wato mutum nawa ne suka sayi tikiti suka shiga suka zauna. Da ka juya wannan shafin sai ka ga wata duniya. A Amurka da Kanada, ƙiyasin da aka fi dogara da shi ya ɗora Gone with the Wind na 1939 a kan gaba da tikiti kusan miliyan 200, sai Star Wars na 1977 da kusan miliyan 178, sannan The Sound of Music, E.T. da Titanic. Avatar ko cikin goman farko bai shiga ba.

Dalilin a fili yake. A 1939 tikitin silima a Amurka bai wuce santi 23 ba idan aka yi tsaka-tsaki. A 2019 ya haura dala 9. Ga shi Avatar yawancinsa da tabarau na 3D aka kalle shi, wanda kuɗinsa ya ɗara na kujerar yau da kullum. Don haka jerin kuɗi kullum sabon fim yake ɗagawa, da fim ɗin ƙasashen da tikitinsu ke da tsada. Wanda ke son sanin abin da ya taɓa zuciyar mutane har suka bar gida suka je suka bi layi, wasu sau uku sau huɗu, ƙidayar kawuna ta fi yi masa amfani.

Sai dai ita ma kada a ɗauke ta kamar saukakkiya. Zamanin da Gone with the Wind ya fito babu talabijin a gidaje, babu kaset, wanda bai gani a silima ba ya rasa ke nan. Shi ya sa aka yi ta dawo da shi, a 1947, 1954, 1961, 1967 har zuwa 1998, duk kuma ana tara masa a lissafi ɗaya. Kowace ƙasa ma da nata gwanin. Faransa, wadda ta daɗe tana ƙirga kawuna maimakon kuɗi, Titanic ne a samanta da mutum fiye da miliyan 21. A Koriya ta Kudu wani fim ɗin yaƙin ruwa ne na 2014, The Admiral: Roaring Currents, da miliyan 17.6, kusan mutum ɗaya cikin kowane uku na ƙasar. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet, fim ɗin da ya fi cika ɗakuna ba nasu ba ne, ba kuma na Amurka ba, na Meziko ne mai suna Yesenia, da tikiti miliyan 91. Awaara da Disco Dancer na Indiya kowannensu ya haura miliyan 60 a can. Ita kuwa Sin ta isa ta birkita lissafin kowa ita kaɗai: Ne Zha 2, zanen katun na 2025, ya sayar da tikiti sama da miliyan 300 a cikin gida.

Mu fa, babu mu a wannan ƙidaya ko kaɗan. Dattawan unguwar Hindawiyya ta Jidda suna tuna silimar ahwash, wadda ake kafa allo a tsakar gida a jera kujeru, irin ta Abu Safiyya, amma tun farkon shekarun 1980 aka rufe su duka, aka yi shekara kusan 35 babu silima a ƙasar nan. Sai a Afrilun 2018 aka buɗe ta farko a Riyad da Black Panther, Jidda ta samu tata a farkon 2019. Lokacin da duniya ke bin layin Titanic, mu a kaset muka gan shi, ana karɓa daga wannan gida zuwa wancan. Haka iyayenmu mata a Kano da Sakkwato da suka haddace fina-finan Indiya ba tare da sun taɓa taka ƙofar silimar Plaza ko Marhaba ba. Don haka jerin ya nuna mana inda za mu fara dubawa ne kawai. Sauran aikin namu ne.

Guda huɗu na ɗauko, waɗanda babu mai musun cewa sun tara jama'a, kuma kowannensu ana samunsa da fassarar Larabci a ƙasan allo: Gone with the Wind, Titanic, Avatar da Sholay. Ma'aunina kuwa na istiraha ne: akwai kaka, akwai surukai, akwai 'yan shekara goma, dare kuma ba shi da tsawo.

Avatar ba zai ci mana lokaci ba. Minti 162 ne. Wani soja ne da ƙafafunsa suka shanye aka tura shi wata duniya mai suna Pandora ya yi wa kamfanin haƙar ma'adinai leƙen asiri a cikin mutanen wurin, ya ƙare ya koma bayansu. Duk wanda ya san labarin Turawan mulkin mallaka zai gane inda aka dosa tun minti ashirin na farko. Abin da ya kai mutane silima shi ne kallo: dazuzzuka masu haske da dare, duwatsu a rataye a sama, faɗuwar babbar bishiyar da mutanen ke zaune cikinta. Daraktansa James Cameron don katafaren allo da tabarau ya gina shi. Ka haska shi a bangon istiraha da ƙaramar sifika, kashi biyu cikin uku na abin sun tafi, saura labarin da ba ya riƙe babba. Akwai kuma batun bautar wata uwar daji da mutanen Pandora ke yi, wanda yara za su yi tambaya a kansa. Shawarata a ajiye shi da 'yan'uwansa sai ranar da ake nuna ɗaya a silimar mol, wato babban rukunin kantuna, matasa su je su biya su gani yadda aka nufa.

Titanic daban ne, domin shi ko a wayar hannu yana kama mutum. Minti 194, kyautar Oscar 11, makonni 15 a jere yana kan gaba a Amurka, mutane da yawa kuma sun yi ta komawa suna sake kallo. Ƙarfinsa yana cikin abin da ya faru da gaske: jirgin ya daki dutsen ƙanƙara da ƙarfe 11:40 na daren 14 ga Afrilu 1912, ya nutse da ƙarfe 2:20, da mutum kusan 2,200 a ciki da kwale-kwalen ceto 20 kacal waɗanda rabinsu da 'yan kaɗan kawai suka isa ɗauka. Kusan 1,500 suka mutu, mafi yawansu ma'aikatan jirgin ne da talakawan ƙasan bene. Duk ɗan ci-rani zai ji wannan a jikinsa. Akwai wani ɗan wuri, bai fi ƙiftawar ido ba, inda wani magidanci Balarabe ke tsaye a lungu da iyalinsa yana lalube cikin ƙamus don ya gane abin da aka rubuta a bango, ruwa na tahowa, matarsa na cewa yalla. Ba ƙirƙira ba ce, akwai 'yan Sham da dama a aji na uku na jirgin. Wanda ya taɓa tsayawa gaban takardar hukuma da ba ya iya karantawa ya san wannan tsayuwar.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Rabin farko soyayya ce tsakanin yarinyar da aka yi wa baiko da wani saurayi da ta haɗu da shi a jirgi, kuma akwai wurare biyu da babu yadda za a yi ɗa ya kalle su gaban mahaifiyarsa, balle suruki gaban surukarsa. A silimar mol hukumar tace fina-finai ce ke yi wa mutane wannan aikin, ta kuma liƙa shekarun da aka yarda su shiga. A istiraha babu hukuma sai mai riƙe da rimot, idan kuwa ya shagala da wayarsa an shiga uku. Titanic na mata da miji ne, ko na ƙawaye su kaɗai.

Gone with the Wind shi ne sarkin jerin, shi ne kuma wanda na fi jinkiri a kansa. Ba a Amurka kaɗai ba, a Ingila ma Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta ƙiyasta masa mutum miliyan 35, babu wanda ya kamo shi. Kusan awa huɗu ne, da hutu a tsakiya. Labarin Scarlett ne, 'yar mai gonar auduga a jihar Jojiya, wadda yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 ya rushe musu komai, ta rantse ba za ta sake kwana da yunwa ba, ta yi aure uku babu ko ɗaya don Allah, zuciyarta na wajen mijin wata. Ta fuskar sana'a ba a cewa komai. Wurin da take ratsa tashar jirgin ƙasa ta Atlanta tana neman likita, kyamara na ɗagawa sama a hankali har sai ka ga fili ya cika maƙil da sojoji a kwance, har yau yana tsayar da numfashi, kuma babu kwamfuta a lokacin.

Matsalarsa ita ce gonar nan bayi ne ke noma ta, fim ɗin kuma ya nuna su suna cikin jin daɗi, masu son iyayen gidansu, 'yancin da ya zo musu kamar wata masifa ce ta faɗo. Hattie McDaniel, wadda ta fito a matsayin baiwar gidan, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, a 1940. Amma ba ta halarci bikin buɗe fim ɗin a Atlanta ba saboda dokar wariya, ranar karɓar kyautar ma a wani teburi daban aka zaunar da ita can gefe. A 2020 dandalin kallon fina-finai na HBO Max ya sauke fim ɗin na ɗan lokaci, ya dawo da shi da bayani a gabansa. Mu da 'ya'yanmu ke tasowa baƙaƙe a ƙasar da sai 1962 aka soke bauta a hukumance, kuma wani lokacin yaro kan dawo daga wasa da kalmar da aka jefe shi da ita, ba na ganin hikimar zaunar da ɗan shekara goma awa huɗu yana kallon wannan ba tare da babba ya warware masa ba. Babba mai son tarihi ya kalle shi shi kaɗai, cikin dare biyu, ya san abin da Amurkawa suka sayi tikiti miliyan ɗari biyu don su gani. Wannan ma ilimi ne.

Saura Sholay, wanda jerin Turawa kan manta da shi don Indiya ta wancan zamani ba ta ajiye ƙidaya tsaf ba. Duk da haka masu ƙiyasi sun haɗu a kan cewa ya haura tikiti miliyan 100 a Indiya kaɗai. Ya fito ranar 15 ga Agusta 1975, makonnin farko har an fara yi masa ta'aziyya, sai labari ya bazu baki da baki. A silimar Minerva ta Bombay ya yi shekara biyar ana nuna shi ba a sauke ba. Har faifan maganganun 'yan wasan aka riƙa sayarwa, mutane na saurara kamar waƙa.

Labarin bai da wuyar bi ko ga wanda ba ya karanta fassara, wannan kuwa babban abu ne a wajenmu, domin Hajiya Babba tana jin Larabcin kasuwa sarai amma rubutun da ke gudu a ƙasan allo ya fi ƙarfin idonta. Wani tsohon ɗan sanda ne, Thakur, ya ɗauko ɓarayi biyu aminan juna, Amitabh Bachchan da Dharmendra (wanda mutanen Kano suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi), su kamo masa ɗan fashin da ya kashe masa iyali ya kuma sare masa hannaye biyu. Amjad Khan ne bos ɗin, Gabbar Singh, kuma a ganina ba a sake yin bos kamarsa ba: yana tafe a hankali kan duwatsu yana jan bel a ƙasa, yana dariya da yaransa har su saki jiki, sannan ya harbe su. Yau da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara da Katsina, ana ɗora wa manoma harajin hatsi, ƙauyen Ramgarh da ke auna wa Gabbar buhuna don a bar shi ya kwana lafiya ya daina zama tatsuniya. Duk wanda ke da dangi a gida zai kalli wurin da wani ido.

Akwai kuma limamin ƙauyen, tsoho makaho, mai ɗa ɗaya tilo, Ahmad. Ya matsa wa yaron ya tafi birni neman aiki, a hanya mutanen Gabbar suka tare shi, doki ya dawo da gawarsa. Jama'a sun taru sun yi tsit, tsohon ya fito yana lalube yana tambayar dalilin shirun, har hannunsa ya sauka kan fuskar ɗansa. Mutanen gari suka fara cewa a miƙa baƙin nan biyu a huta. Shi wanda aka yi wa rashin ne ya hana, ana cikin haka aka kira salla, ya juya aka kama hannunsa ya nufi masallaci. Na ga dattawan da ke cewa fim wasan yara ne sun yi shiru a wannan wurin, carbi ya tsaya a hannu.

Ba wai shi ba shi da nasa ba. Minti kusan 200 ne, ya ɗan ɗara Titanic ma. Akwai rawa guda a sansanin 'yan fashi da ya kamata mai rimot ya tsallake, akwai wurin da Dharmendra ya sha ya bugu ya hau tankin ruwa yana barazanar faɗowa idan ba a ba shi Basanti, yarinyar da yake so, ba, akwai inda ya ɓuya bayan gunki yana magana da muryarsa don ya yaudare ta, da waƙar bikin watsa kala. Kashe-kashen ma ba kaɗan ba ne, ko da yake yawanci ana kawar da kyamara kafin jini. Ƙananan yara sosai gara a kwantar da su kafin a kai wurin iyalin Thakur. Bambancinsa da Titanic shi ne abin tsallakewar waƙa ce sukutum, ana ganin tahowarta daga nesa, kuma cire ta ba ya taɓa labarin.

Wani zai ce me ya sa ba za a kwashi kowa a tafi mol ba kawai? Ana iya yi, kuma yana da daɗinsa. Sai dai lissafi: da aka buɗe silima a 2018 riyal 75 ne kujera, ko da yake farashin ya sauko daga baya. Mutum goma sha biyar, ga gugguru da lemo, an tasar wa kuɗin kama istirahar kanta. Kuma abin da ke cika ɗakuna a nan ba waɗannan tsofaffin ba ne. Top Gun: Maverick ya haura tikiti miliyan ɗaya a 2022, Bad Boys: Ride or Die ya zo ya wuce shi a 2024, Sattar, barkwancin 'yan ƙasa a kan ɗan kokawa, ya haura dubu 900, fina-finan barkwancin Masar kuma kullum suna sahun gaba. Jama'ar silimar nan matasa ne masu son dariya da gudun mota. Wannan zaɓin samari ne na daren Juma'a, ba na taron da kaka ke ciki ba.

Don haka ga yadda zan raba. In taron na dangi ne gaba ɗaya, Sholay. Shi kaɗai ne cikin huɗun da kaka ta san 'yan wasansa, uba ya san maganganunsa, yaro kuma zai tsaya don faɗan kan jirgin ƙasa da aka buɗe da shi. In ma'aurata ne su biyu bayan yara sun yi barci, Titanic. In matasa ne da kuɗinsu a aljihu, su jira Avatar a babban allo. Gone with the Wind kuwa na mai son ya san tarihin abin ne, ba na shagali ba.

Wanda ya tsaya a kan Sholay ya duba wanne ya samo, domin ƙarshensa iri biyu ne. Daraktansa Ramesh Sippy ya ɗauki ƙarshen da Thakur ke kashe Gabbar da takalmi mai ƙusoshi, hukumar tace fina-finan Indiya, a zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, ta ce tsohon ɗan sanda ba zai ɗauki doka a hannunsa ba, aka sake ɗauka 'yan sanda suka iso suka kama shi. Wanda iyayenmu suka sani shi ne na kamun. Mai minti 204 shi ne na kisan, kuma ya fi zafi ga yara. A gwada fassarar tun da rana, don wasu kwafin da ke yawo rubutunsu na riga magana. A kunna da an idar da Isha'i, a ajiye cin abincin sai hutun tsakiya, wanda ke zuwa daidai bayan an nuna yadda Thakur ya rasa hannayensa, in ba haka ba ƙarfe ɗaya za ta yi ana kallo, Asuba kuma ta gagari rabin gidan.